Idan ƙasa ta girgiza ko guguwa ta taso: shiri ga mazauna Jidda da kewaye

Yammacin Saudiyya ya san girgizar ƙasa. A Nuwamban 1995 wata mai ƙarfin sama da maki 7 ta afka wa Tekun Aƙaba, a Mayun 2009 kuma an kwashe dubban mutane daga Al-Ais, kusa da Yanbu.

Da zarar ƙasa ta motsa, abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya ruga waje. Kada a bi ta. Yawancin raunuka daga faɗowar gilashi, bulo da na'urar sanyaya ɗaki suke, kuma a bakin ƙofa da matattakala suka fi samun mutane. A durƙusa, a shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari, a riƙe ƙafarsa. Inda babu tebur, kamar yawancin ɗakunanmu na zaman ƙasa, a raɓe jikin bangon ciki nesa da taga, a kare kai da wuya da matashi. Sai ta lafa a rufe tukunyar gas, a sa takalmi, a sauka ta matattakala, ban da lif. In an ji warin gas, ko makunnin fitila kada a taɓa. Ƙananan girgiza sukan biyo baya, don haka kada a koma gidan da ya tsage.

Guguwa kuwa tana ba da lokaci. Manyanta, irin Mekunu ta 2018 da Shahin ta 2021, Oman suka fi bugawa. Mu a nan ambaliya ce abin tsoro, kamar ta Jidda a Nuwamban 2009 da ta ci rayuka sama da 100.

Da hukumar hasashen yanayi ta fitar da jan gargaɗi, a tanadi ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a kullum, na kwana 3. A cika waya da caji, a ƙulle igama (katin izinin zama), fasfo da magunguna a leda, a sauke kayan saman rufi. A janye mota daga kwari. Gadar ƙasa tarko ce: ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, direba kuma ba ya ganin zurfinsa.

A haddace wa yara lambar waya 911 ta jami'an ceto da 997 ta motar asibiti.