Farashin gobe ake dubawa, ba na jiya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Na shekara 12 ina tsare da ɗan shagon kayan masarufi a kusa da Tsohuwar Kasuwa, nan Sakkwato, ga abin da ya kusa karya ni.

Da, in na saro buhun sukari, sai in ɗora 'yar riba a kan yadda na saye, in auna da tiya har ya ƙare. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, kaya suka riƙa tashi mako-mako. Na sayar, na ƙirga, lissafi ya nuna riba, amma da na koma wurin dila kuɗin ba su kai buhu ba. Ashe uwar kuɗi nake ci ina murna. Kanta ta fara zama fayau, ni kuwa ina zargin yaron shago, bawan Allah bai ɗauki ko ashana ba.

Yanzu kowace safiya, kafin in buɗe ƙofa, nakan kira dila biyu in ji yadda kaya suka kwana, a kan wannan nake yanka farashi. Masu saye za su yi ƙorafi, ka yi musu bayani da sakin fuska.

Bashi kuma, ko na ƙanin baba ne, a rubuta a gabansa. Abin da aka ɗauka don cefanen gida ma yana shiga littafi. Kuɗin tiransifa kuwa ban yarda da hoton da aka nuna mini ba, sai na ga alat a wayata kafin leda ta bar hannuna.