Yadda Ake Kamun Kifin Tirawut da Tsutsar Ƙarya

Tirawut kifin ruwan sanyi ne, irin ƙoramun Ingila da Amurka da tsaunukan Lesoto, kuma yawancin abincinsa a ƙarƙashin ruwa yake samu. Cikin abin da ya fi so akwai tsutsar ƙwaron mefilai, wadda kan yi watanni, wani irin har shekara 2, a ƙasan ruwa kafin ta taso ta yi fiffike. Ita ake kwaikwaya a jikin ƙugiya.

Kafin ka ɗaura komai, ɗago dutse ɗaya daga cikin ruwa ka duba ƙarƙashinsa. Za ka ga 'yan tsutsotsi masu jela uku suna rarrafe. Zaɓi koton da ya yi daidai da girmansu. Amintacce shi ne wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Ingila, ya ƙirƙira da gashin jelar tsuntsun fezan da siririyar wayar jan ƙarfe kawai. Ƙugiya lamba 14 zuwa 18 ta isa. Lamba na hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa.

Sanda mai ƙafa 9 da igiya lamba 5 sun wadatar, da zaren ƙarshe, wanda ake ɗaura wa ƙugiya, mai kaurin milimita 0.15. Ɗaura ɗan ulu mai launi a matsayin alama, tazararsa da ƙugiya ta zama zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. In ruwan mita 1 ne, ka bar mita 1.5.

Kifin kan fuskanci inda ruwa ke gangarowa, don haka ka laɓaɓo ta bayansa, ka jefa koto sama da shi, ruwa ya kawo masa.

A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Ruwan da ke saman kogi ya fi na ƙasa gudu, sai ya fizgi igiya, igiya ta fizgi koto, ya riƙa tsere wa duk abin da ke tafiya a ƙasa. Tirawut na ganin haka zai kauce. Maganin shi ne da igiya ta sauka ka ɗaga sanda ka juya tsakiyarta zuwa inda ruwa ke gangarowa, kana tattara rarar a hankali. In ka yi jifa da yawa koto bai taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba, bai kai wurin kifi ba. Maƙala ƙwayar darma santimita 25 sama da ƙugiya.

Da zarar alamar ulun ta tsaya, ko ta nutse, ko ta karkace, ɗaga sanda nan take, domin kifin kan tofar da koton cikin ƙiftawar ido. In ya ƙi ci, ɗaga sanda sannu a hankali daf da shi, koton ya taso kamar tsutsa mai neman fita.

Idan zafin ruwa ya kai digiri 20, ka haƙura. Iskar shaƙa ta ragu a ruwan, kifin da ka saki zai iya mutuwa bayan kokawar.