Yadda ake duba wayoyin wuta da kyamarar zafi

'Yan uwana masu aikin wuta na Aboabo da Asawase a Kumasi, tunda na fara maƙala 'yar kyamarar nan FLIR One a gindin wayata ta hannu na daina taɓa soket da bayan hannu. Komai a duniya, bango, mutum, har ƙanƙara, yana fitar da wani haske da ido baya gani, shi ne infurared da William Herschel ya gano a 1800, kuma iya zafin abu iya hasken da zai fitar. Shi kyamarar take kamawa ta mayar maka dashi kala kala, irinta ce aka riƙa auna zazzaɓi da ita lokacin korona.

To in kaje gida kar ka fara dubawa ana dawo da wuta bayan dumso, wato ɗauke wuta. Kace da hajiya ta kunna firij da fanka da dutsen guga, a bari su ja wuta kamar minti 15, sannan ka buɗe murfin akwatin bireka, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, a hankali domin ita saman abu kawai take gani, bata ratsa bango, ko gilashi ma bata ratsawa. Dan Allah hannu a baya, bolt 230 ba wasa bane.

Ja a allo ba shi ne haɗari ba, wanda yafi zafi a hoton ne kawai, lambar digiri zaka karanta ka gwada da bireka na kusa mai ɗaukar kaya iri ɗaya. In zafin ya taru a bakin noti yana raguwa in ka bi wayar, ɗauri ne ya saki, irinsa ke cin roba a ɓoye har ya zama gobara. In kuma wayar gaba ɗaya ta ɗau zafi daga farko har ƙarshe to kaya sun mata yawa ko siririya aka sa, wannan kam ɗaure noti ba zai yi magani ba, canjawa za'a yi ko mai gida zai yi ƙorafin kuɗi.

Inda tafi ruɗar mutane shi ne ƙarfe mai sheƙi, tagulla ko alminiyum, madubi ne a wajenta, zafin jikinka zata nuna maka. Ka matsa gefe, in tabon ya bika to inuwarka ce. Ni kashe wuta nake in manna baƙin salatif a wajen, in kunna in jira, sai in auna a kan salatif ɗin.