Babi na 6: Sa wa injin buga takarda kartush mai araha

Darasi na 1: Menene kartush?

Injin buga takarda, wanda muke ce wa amfirimanti, galibi iri biyu ne: mai garin hoda da mai tawadar ruwa. Wannan babi na mai tawadar ruwa ne. Tawadar tana cikin wani ɗan akwati da hannu ɗaya ke rufewa, sunansa kartush. A ƙananan injuna biyu ne, baƙi ɗaya, na launi ɗaya. A ƙasan kowanne akwai ramuka da suka fi gashin kai siranta, ta nan tawada ke fesowa kan takarda.

Kartush ɗan kamfani, wato orijinal, yana da tsada, wani lokaci kuɗin biyu ya kusa sayen injin kansa. Shi ya sa masu shagon buga takardu a Zango da Sabon Gari da yawa suke sayen wanda wani kamfani dabam ya haɗa, masu shago suna ce masa kwampatibil. Yana aiki. Hoton fasfo dai ba na ba ku shawara da shi, launinsa kan kauce, amma wasiƙa da takardun lakwal, ya isa.

Darasi na 2: Lamba

Kowane kartush yana da lamba a jikinsa. Misali HP 123, HP 305, ko Canon PG-445. Ba sai kun iya karanta Faransanci ba, lambar kawai za ku gwada. Ko Kasuwar Dole za ku, ko saƙo za ku ba mai zuwa Kano, ku tafi da tsohon kartush a cikin leda, a ajiye shi kusa da sabon. Lamba ta yi daidai, ku biya. Mai shago ya ce "ai duk ɗaya ne", ku yi masa godiya ku fita. Injin HP DeskJet 2130 da aka sayar a Afirka 123 yake ci, ɗan'uwansa da aka kawo daga Faransa 302 yake ci, alhali a ido kamarsu ɗaya.

Darasi na 3: Sikoc da jan ƙarfe

A nan kowa ke tuntuɓe, don haka mu tafi sannu.

Ku kunna inji. Ku buɗe murfi. Ku ɗan jira har mazaunin kartush ya zo tsakiya ya tsaya da kansa. Kada a ja shi da hannu. Ku danna tsohon ƙasa kaɗan, ku zaro shi.

Yanzu ku fiddo sabon daga kwali. Ku riƙe shi ta gefe biyu, yadda ake riƙe madubi. Ku juya shi. Za ku ga ɗan sikoc, wato salatif, manne a kan ramukan tawada, da ɗan kunne mai launi. Ku kama kunnen ku yaye shi. Duka. Idan sikoc ya rage, tawada ba ta da ƙofar fita, takarda za ta fito fara fat.

Kusa da sikoc akwai wani fili mai ƙyalli, kalar jan ƙarfe, da ɗigo-ɗigo. Wannan ba sikoc ba ne. Ta nan inji ke magana da kartush. Ba a yaye shi, ba a taɓa shi, ba a goge shi da bakin riga.

Mu sake. Sikoc: a cire. Jan ƙarfe: a bari. Ku faɗa da baki sau uku kafin hannu ya motsa. Wanda ya manta ba laifi, ni ma ranar farko takarda biyar na ɓata kafin na gane.

Wani dattijo a ajinmu na yamma ya cire sikoc lafiya lau, sai ya ga ƙyalli ya zaci saura ne, ya sa farce ya ɓanɓaro shi. Na ce, "Baba, me kuka yi?" Ya ce, "Malam, ai cewa kuka yi duka." Laifina ne rabi. Amma bayan na ba da wannan labari a aji, mutum biyu sun sake yi a mako guda. Haba jama'a! Kuɗin nan ba tsinto su kuka yi ba. Ku duba da ido kafin ku sa farce. Mai kunne shi ne sikoc. Marar kunne, mai ƙyalli, ba ruwanku da shi.

An cire sikoc? Ku sake dubawa. To, ku tura kartush cikin mazauninsa, baƙi a gurbin baƙi, na launi a nasa, har ku ji ƙas. Ba ku ji ba, bai zauna ba. Ku rufe murfi.

Darasi na 4: Idan kwamfuta ta yi gargaɗi

Rubutu zai iya fitowa cewa kartush ba na kamfani ba ne. Kun riga kun sani. Ku danna OK. Wani lokaci ta nuna tawada ta ƙare alhali yanzu kuka sa; ku buga shafi ɗaya, takarda ce shaida. A ƙananan Canon, ku danne maɓallin tsayarwa kamar daƙiƙa 5 zuwa 10, zai ci gaba. Takarda ta fito fara kuwa, ku koma darasi na 3.

Darasi na 5: Intanet

Wasu injunan HP, in suka sabunta kansu ta intanet, sukan ƙi kartush ɗin da ba nasu ba. Ku sa mai gyara ya kashe wannan sabuntawa.

Darasi na 6: Zafi da ƙura

Tawada na bushewa. Ku buga shafi ɗaya mai launi kowane mako, lokacin hunturu kuma ku rufe inji da ƙyalle.