Kujerar da rana ba ta duka a jirgin Haramain

Karon farko da na kai mahaifiyata ziyara Madina a jirgin ƙasa na Haramain, kujerar taga na zaɓar mata, wai don ta sha kallon hanya. Jirgin bayan la'asar ne, mu kuma muna hagu. Ba mu yi nisa da Jidda ba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Kai ɗan nan, ziyara ka kawo ni ko gashi?" Na'urar sanyi na ta busawa, amma gilashin ya ɗau zafi kamar murfin tukunya.

Tun ranar na haddace: da safe ɓangaren teku, da yamma ɓangaren duwatsu. Daga Jidda jirgin arewa yake miƙewa, Bahar Maliya na yamma da shi. In za ka Madina da hantsi, rana tana damanka, sai ka zauna hagu. Bayan azahar ta koma hagu, kai ka koma dama. In dawowa Makka ne, juya lissafin. Tafiyar Makka zuwa Madina kilomita 450 ce, awa biyu da 'yan kai, kuma mafi yawanta a wannan miƙe take, saboda haka kuskuren kujera ba na minti biyar ba ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne wajen yankan tikiti a waya. Jirgin kai biyu gare shi, ba ya juyawa, wasu kujerun ma baya suke ba hanya. Hagu da damar da nake nufi na inda jirgin ya dosa ne, ba inda kujerarka ke kallo ba. In taswirar kujerun ta rikita ka, je tasha ka tambayi mai sayar da tikiti.

Daga Makka zuwa Jidda kuwa yamma jirgin ke dosa, gajeriyar tafiya ce, ban cika damuwa da ita ba. Haka jirgin tsakar rana a lokacin zafi, rana na bisa rufi, ko'ina ka zauna daidai ne.

A Ramadan da lokacin aikin Hajji ba ka da ta cewa, abin da ya rage za ka ɗauka. Nan sai in nemi kujerar gefen hanyar wucewa, in bar wa wani tagar. Hajiya dai yanzu ba ta yarda da kowane jirgi sai na bayan magariba.