Yadda na gyara akwatin lasifikar jitata da sautinsa ya sirance

Alhamdu lillahi, bayan kwana huɗu ina fama, sauti ya dawo. Na gode wa mai gyaran rediyon Sabon Gari da ya ara min mitar gwada kayan lantarki.

Akwatin na lasifika biyu ne masu inci 12. Nauyinsa ya ishe ni, musamman in za a ɗora shi a Keke Napep daga Samaru zuwa wajen biki, sai na cire tsoffin na sa masu maganaɗisun niyodimiyam, wanda bai kai na tsoffin nauyi ba. Ya yi sakayau, amma sautin ya fito siriri, ba kauri ko kaɗan. Na canza kebur, na ƙure bes, wato sauti mai kauri, a amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), duk a banza. Har na fara zargin haka niyodimiyam yake.

Ashe ni na juya waya. Na zare kebur daga amfilifaya, na taɓa batir mai bolt 9 a bakinsa na ɗan lokaci kaɗan ina kallon takardun da ke motsi a fuskar lasifikun: ɗaya ta turo waje, ɗaya ta shige ciki. Wato suna kashe wa juna iska.

Na kwance bayan akwatin, na sauya wayoyi biyun da ke kan wadda ta shige, ja a kan +, baƙa a kan −, na liƙe da dalma. A kula, maganaɗisun nan yana fizgar sukundireba. Kowace lasifika om 16 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), a haɗin gefe-da-gefe, wato + da +, − da −, sun zama om 8; mita ta nuna kusan 6.5, daidai ke nan, don takan nuna ƙasa da adadin da aka rubuta a kan lasifika. Na maimaita gwajin batir, duka biyun suka turo tare, sannan na jona kebur a ramin om 8 na amfilifaya.