Yadda Ake Musayar Bayanai Tsakanin Injinan Python Daban-daban

Harshen shirya manhaja na Python guda ne, amma injinan da ke gudanar da shi sun bambanta: akwai CPython da aka rubuta da harshen C, da PyPy mai sauri, da Jython da ke aiki a kan Java, da kuma MicroPython na ƙananan na'urori. Idan kana son bayanai su ratsa tsakaninsu lafiya, fara da zaɓen tsarin ajiya, domin daga nan ne yawancin matsaloli ke tasowa.

Ka guji marshal, wato tsarin ajiya na cikin gida na Python, tunda tsarinsa yana sauyawa daga siga zuwa siga. Pickle ma, wani tsarin ajiya na Python, sai da hattara, domin Jython 2.7 yana bin Python 2 ne, ba ya karanta abin da ya wuce mataki na 2 na tsarin pickle, alhali Python 3.8 ya zo da mataki na 5. Kada kuma ka buɗe pickle daga hannun wanda ba ka amince da shi ba, saboda yana iya gudanar da umarni a kwamfutarka.

A ganina JSON, wato tsarin ajiye bayanai a matsayin rubutu zalla, ya fi dacewa. Wajen buɗe fayil ka fayyace encoding="utf-8", in ba haka ba haruffanmu masu ƙugiya irin su ƙ, ɗ da ɓ suna iya jawo kuskure ko su lalace a Windows. Ka riƙa buɗewa da umarnin with, wanda ke rufe fayil da zarar an gama, domin PyPy ba ya rufe fayil nan take kamar CPython, sai injin da zai karanta fayil ɗin ya tarar da rabin bayani.

Wasu allunan MicroPython suna ajiye lamba mai ɗigo a bit 32 kacal, don haka kuɗi ka tura su a matsayin cikakkiyar lamba.